Dawar da Na Aiko Miki

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙafar taki, yaya yara? Allah ya sa kowa lafiya.

Yaya, don girman Allah kada ki taɓa dawar da na aiko miki ranar Asabar. Ko kaji kada ki watsa wa. Na yi ta kiran wayarki tana kashe, shi ya sa na ba direba takardar nan.

Shekaranjiya na yi girki da garin sabuwar dawar nan. Ciwon haƙori ya hana ni ci. Kafin la'asar maigida ya ce maƙogwaronsa ya bushe. Can sai ya zauna yana tsintar abin da babu a kan tabarma, yana hira da bango. Ya dube ni bai gane ni ba. Yana asibiti, an sa masa ruwa.

Jiya malamin gona ya bi ni gonar, ya nuna mini zaƙami. Kin san shi: farin fure kamar mazurari, 'ya'ya masu ƙaya, ganyen in ka murza sai wari. Ya fasa ɗaya, ƙwayoyi suka zubo. Ya tona buhuna, ga irinsu nan cikin dawar.

Laifina ne, Yaya. Lokacin noma ni na hana a cire shi, don na lura awaki ba sa kusantarsa, na ce ya zame mana shinge. Wayo ke nan wai. Masu girbi suka haɗa da shi, injin casa ya gama aikin.

Tsoro nake ji. Ki ba direba amsa.

Ƙanwarki.

Zuwa ga Yayata,

Ina sake gaishe ki, da fatan wannan ta same ki a tsaye da ƙafafunki.

Maigida ya farfaɗo, har ya nemi shayi. Amma direba ya dawo mini da takardata, wadda na gaya miki akwai gubar zaƙami a cikin dawar nan. Ya ce ya tarar da ƙofarki a kulle, buhun kuma yana shanye a igiya, babu ko ƙwaya. Wata yarinya ta gaya masa tun ranar Lahadi kika zauna a bakin ƙofa da kwano, kina auna wa maƙwabta.

Gobe da sassafe zan shigo mota. In wannan ta riga ni, ki zauna ki tuna su ɗaya bayan ɗaya. Gida nawa ne, Yaya? Nawa ne masu yara?

Taki,
Ƙanwarki.