Jikana Ya Wuni Ba Nono, Tiyata Kuma Ba A Yi Ba

Zuwa ga Hajiya Shugabar Ma'aikatan Jinya ta asibitin da aka kwantar da jikana a Kontagora.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ni tsohuwar malamar firamare ce daga Beri. Ban ambaci sunan asibitin ba, don gyara nake nema, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na farko. Jikana Yusuf watansa huɗu, likita ya ce ƙaba ce, sai an yi masa aiki. Aka sa mana Alhamis. Nas ta ce a tsayar da nono tun asuba, muka bi. Daga nan ba wadda ta sake leƙo mu, ba a kuma sa masa ƙarin ruwa ba.

Na biyu. Aka ce mutum ɗaya ke zama da majinyaci, aka fitar da ni, aka bar uwarsa Hauwa'u, matar ɗana. Yusuf ɗan farinta ne. Hajiya, ke 'yar ƙasar nan ce, kin san kunyar ɗan fari. A gidan su Hauwa'u mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta nuna damuwa da shi a gaban manya. Ni ce bakinta, ni kuma aka kora waje. Na yi wa nas ɗin ƙofa bayani, ta ce doka doka ce.

Na uku. Da hantsi aka kawo waɗanda aka raunata a hanyar Kasuwan Garba, likita ya koma kansu, aka ɗage aikin Yusuf. Ban ga laifinsa ba. Laifin shi ne an rubuta ɗagewar a takarda, ba a faɗa wa uwar ba. Yaro ya yi kuka har muryarsa ta dishe, nono ya jiƙa mata riga, tana zaune kai a sunkuye tana bin umarninku. Da ya daina kukan, aka ɗauka barci ne.

Bayan la'asar na kutsa da ƙarfi. Na tarar maɗigarsa ta lotsa, leɓensa ya bushe, jikinsa ya saki. A ranar na fara jin Hauwa'u ta kira sunan ɗanta a gabana, tana girgiza shi. Sau biyar aka soke shi kafin a sami jijiyar da za a sa masa ƙarin ruwa. Ya rayu, amma raina a ɓace yake har yau, ba zan ɓoye miki ba.

Roƙona shi ne: in aka ɗage aikin jariri, nas ta taka ta faɗa wa uwar da baki cewa ta ba shi nono. A riƙa duba jaririn da aka hana nono, ba sai uwarsa ta yi magana ba. Mai ɗan fari kuma a bar mata babba a kusa.

Ƙabar tana nan, kullum ƙara kumbura take. An sake sa mana Alhamis mai zuwa. Hauwa'u ta ce ba za ta koma ba, ni nake lallashinta, na ce mata wannan karon za a kula. Hajiya, kada ki bari in zama maƙaryaciya.

Allah ya ƙara miki lafiya da basira, ya raya naki jikokin.

Wassalam.

Kakar Yusuf, Beri.