Yatsunka Biyu da Sarewarka

Zuwa ga Agali, hasken idona, inuwar gawo a tsakiyar bazara, ruwan farko a gonar da ta gaji da jira.

Ina kake, sanyin raina? Tun ranar da ɓarayin shanu suka harbe hannunka a hanyar Rumbu, likita ya yanke yatsunka biyu, ka rufe ƙofa, ka kashe waya. Sai Hama ƙanenka ka aiko mini, wai in nemi mai cikakken hannu. Wayyo Allah! Yatsu na ce ina so?

Ka tuna yammacin da ka busa mini sarewa a bakin tabki, na ɗauka a wayata? Ita nake saurare in na taso daga lakwal, wato makaranta. Na zauna da ordinatar, kwamfutar nan tawa, ina rubuta busarka a manhajar rubutun kiɗa, don kada ta ɓace. Komai ya tahi daidai, sai da na zo wurin da yatsanka ke kaɗawa kamar fiffiken kurciya, sauti biyu suna musanya da sauri. Manhajar tana ɗora haruffa biyu, t da r, a saman sautin, ta ja layi mai lanƙwasa kamar sawun maciji a rairayi. Sa'an nan ta nemi in rubuta ɗan ƙaramin sauti cikin baka biyu, wanda zai nuna tazarar da yatsa ke hawa: rabin taki ko cikakken taki. Na sa rabi, na kunna, ba kai ba ne. Na sa cikakke, ba kai ba ne. Na kife kaina a kan tebur na yi kuka har ido ya kumbura.

Wa zai gaya mini daidai in ba kai ba? Sun raba ka da yatsu, kunnenka yana nan, masoyi, ni ma ina nan.

Na san ba za ka ƙara busa ta kamar da ba. Ba zan yi maka ƙarya ba, ni ma hakan na ci mini rai. Amma na shaida wa Baba kada a ɗaga ranar aurenmu, ya ce to. Ran kasuwa zan shigo motar Rumbu tare da Inna. In ka ƙi buɗe ƙofa, a bakinta za mu zauna har ka gaji.

Taka, yau da gobe, har ranar da za a rufe ni da ƙasa,
Suwaiba