Hoto Na Tara Ya Rasa Suna

Malama, a taimaka mini da shawara. Ban yi lakwal ba, wato boko, da baki nake faɗa ana rubuta mini.

Ina da ɗaki guda a gidana nan Diffa, mutane na ce masa gidan tarihi. Kayan zamanin Sawaba ne ciki, jam'iyyarmu da gwamnati ta haramta: katin jam'iyya mai raƙumi, jar tuta da asu ya ci, littattafan da wasunmu suka dawo da su daga Sin, ko layi ban taɓa karantawa ba, sai hotuna goma sha bakwai. Ina saurayi ni ke ƙetare kogin Komadugu da saƙo cikin buhun tattasai. Ɗakin ba rubutun suna ko ɗaya. Wanda ya zo, in nuna masa da sanda, in faɗa. Dalili, mun dafa Alƙur'ani gaban jagoranmu cewa sunan ɗan'uwa ba zai hau takarda ba, don takarda ce ta kai mutane hannun jandarma.

Ɗiyata Lauratu, malamar lakwal, ta dame ni a manna suna ƙarƙashin kowane hoto. Na ce ba da raina ba. To ran Talata baƙi suka zo, na ɗora sanda kan hoto na tara, mai hular saƙa, sunan ya ƙi zuwa. Mutumin da muka yi kurkuku tare! Ɗan Maine-Soroa ne, iyakar abin da ya rage mini ke nan. Lauratu ba ta san na manta ba. Jagoran da zai kwance ni daga rantsuwar ya rasu. Yaya zan yi?

Tsoho Mai Sanda, Diffa

Baba, rantsuwa ba wasa ba ce, kuma riƙon shekara sittin da ka yi mata abin girmamawa ne. Amma don kare rayayyu daga kamu aka yi ta. Yau ba mai neman su. Mantuwa ce ke ɗibarsu, ta riga ta ɗauki ɗaya. A nan Lauratu ta fi ka gaskiya.

Ka je wurin limami ka ji batun kaffara, kada mako ya wuce. Ka gaya wa ɗiyarka, ta rubuta sha shidan nan ta ajiye. Mannawa kuwa sai da izinin iyalansu. Wanda ya ƙi, a bar hoton yadda yake.

Na taran kuma, ka kai shi kasuwar Maine-Soroa ka nuna wa tsofaffi. Wannan karon kai za ka riƙe hoto, wani ya faɗi suna. Allah ya ƙara lafiya, ya maido maka da abokinka.