Gajere ke da takardu, Mahmudu ke da aiki

Zuwa ga Goggo Asibi mai filin shawarwari,

Goggo, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya ke da iyali, ina roƙon ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ko da ta yi tsawo, don ban san inda zan yanke ta ba. Sunayen da zan sa a ciki ba su ne na ainihi ba, amma sun yi kama da su. Da ma ni da sunan aro mun daɗe tare.

Ni saurayi ne daga wani ƙauye a kwarin Tarka. Na yi lakwal, wato makarantar boko, a ƙauyenmu, na ci sartifika, na wuce koleji na samu birebe, takardar gama kolejin. Ina gamawa na dawo gida, don babban farin nan da ya cinye dabbobi ya tafi da mahaifina, ni ne kuma babba. Da damina noman gero, da rani ina koya wa manya karatun Hausa a rumfar kasuwa. Daga baya direktan lakwal ɗinmu ya ce in riƙa kama masa ƴan aji ɗaya, tunda shi kaɗai ne a kan yara da yawa. Shekara huɗu ke nan ina yi. To, yanzu an yi sanarwa za a ɗauki malamai don makarantun da za su fara koyar da yara da harshen gida, kuma za a gana da masu nema a Damagaram bayan girbi. An ce kowa ya zo da dosiyensa: takardun karatu, da shaidar cewa ya taɓa tsayawa gaban aji, da irin darussan da ya shirya da hannunsa. Goggo, da na ji sanarwar nan sai na ga kamar ni aka auna aka ɗinka aikin.

Ranar da na zauna haɗa dosiyen na shimfiɗa komai a kan tabarma, sai kayan suka rabu kashi biyu da kansu. A dama ga takardar haihuwa da sartifika da birebe, duka da sunan Gajere Malam. A hagu ga shaidar horon da na yi na yaƙi da jahilci, ga takardar yabo ta direkta, ga ta maigari, ga darussana da na sa wa hannu, ga kaye, wato littattafan rubutu, na yaran da na koyar, duka da sunan Mahmudu Lawali. Wato Gajere yana da takardu amma bai taɓa riƙe alli ba, Mahmudu kuwa ya koyar shekara huɗu amma a idon hukuma ko ƙofar lakwal bai taɓa shiga ba. Ni ɗin nan kuma ni ne su biyun.

Ga yadda abin ya faru. Lokacin da aka zo ɗaukar yara lakwal mahaifina yana hanyar fatauci, sai Inna ce ta riƙe hannuna zuwa gaban mai rubutawa. Mutumin baƙo ne daga bakin teku, ba ya jin Hausa. Ya tambayi sunana. Ni ne ɗan farinta, kin san sauran zancen. Ta sunkuyar da kai, da aka matsa mata sai ta ba da sunan da kakata ke tsokanata da shi, Gajere, don a lokacin ban fi turmi tsayi ba. Ya tambayi sunan uba. Ina za ta ambaci sunan mijinta a gaban jama'a? Ta ce Malam, yadda take kiransa a gida. Ɗan aiken maigari da ke yin tafinta ya ji sarai, amma ya yi gum, don a lokacin mutanenmu murna suke yi in boko bai kama ainihin sunan yaro ba. Haka aka rubuta, da shi aka yi mini takardar haihuwa daga baya, haka kuma ya bi ni har koleji. Yau in zan shiga ɗakin Inna sai na duƙa, amma a takarda Gajere nake. Ko Mato wanzami, wanda ya yi mini askin suna, in ya hango ni a kasuwar Belbeji sai ya haɗa sunayen biyu ya kwaɗa mini kira, mutane su yi ta dariya.

Da na dawo gida bayan rasuwar mahaifina raina ya ƙi sunan nan. Na ga mutumin ya tafi, ga shi ko a takarda ɗaya tawa sunansa bai fito ba. Shi ya sa duk inda aka tambaye ni sai in ce Mahmudu Lawali, sunan yankana da na ubana. Ban yi don yaudara ba, ban kuma kawo a raina cewa wata rana za a jera takardun nan wuri ɗaya ba.

Abokina Audu, wanda muka yi koleji tare, shi ma yana neman aikin, ya ce in bar wahalar da kaina: in zubar da Mahmudu, in tafi da Gajere da birebensa. Da na ce shekaru huɗun fa, sai ya ce to in samu reza mai kaifi in kankare sunan a takardun hagu in sake rubutawa, wai yana da hannu mai kyau. Audu bai taɓa rasa shawara ba, mai amfani ce dai take yi masa wuya. Amma Goggo, ba zan ɓoye miki ba, na sayi rezar, tana cikin aljihuna. Na je Tanut na tambayi wani ma'aikaci a bakin ƙofar kotu ko akwai gyara. Ya ce akwai, amma in kawo wanda ya sa ni lakwal ya tsaya gaban alƙali ya faɗi sunana da na ubana da bakinsa.

Nan ne abin ya fi ƙarfina. Inna tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta ma duban fuskata sosai. In tana nemana sai ta ce wa ƙanwata Rabi ta kira wancan. Sunan mahaifina kuwa yana raye ba ta faɗa ba, balle yanzu da yake ƙasa. Na daure na gaya mata abin da aka ce, tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Na so a ce ta ƙi. Washegari sai na ga ta wanke zanenta na fita ta shanya, ta aiko Rabi ta ce mini duk ranar da motar Tanut ta zo a shirye take. Tun daga nan abinci ba ya shiga mata. Rabi ta ce da hantsi ta same ta a bayan rumbu ita kaɗai tana gwada faɗin sunan, ta fara sai muryar ta maƙale, ta yi gyaran murya ta sake farawa, har ta haƙura ta ɗauki tsintsiya. Da Rabi ta gaya mini haka sai da na fita gona don kada a ga idona.

Baffana Umaru da ke Ollelewa ya ce in bar tsohuwa ta je, ai kunya ba ta ciyar da gida. Gaskiyarsa, gidan yana bukatar aikin nan. Amma ina tsoron in kai ta gaban maza baƙi ta kasa, ko ta iya ɗin, ta dawo ba ta ƙara haɗa hanya da ni ba. Ina tsoron in je Damagaram da rabin dosiye a ce ban da gogewa, ina tsoron in je da shi duka a ce na sato takardun wani. Gero ya fara nuna, lokaci yana ƙurewa. Wanne zan yi, Goggo? Kuma ko an gyara sunan, yaya ake tsara dosiyen, me ake sawa me ake bari? Ban taɓa zama gaban masu ɗaukar aiki ba.

Naki,
Mai suna biyu, daga kwarin Tarka

*

Ɗana mai suna biyu,

Da farko fito da rezar nan daga aljihu ka ba Mato wanzami, shi ya san aikinta. Takardar da aka kankare ko makaho ya shafa ya ji, kuma daga ranar da aka gane ba rabin dosiyenka ne zai mutu ba, dukansa ne, har birebenka na halal. Audu yana da gaskiya a wuri ɗaya: masu ɗaukar aiki suna son suna ɗaya daga farko har ƙarshe. Amma in ka tafi da Gajere shi kaɗai ka zama ɗaya cikin samari masu birebe da za su cika layi. Abin da ya bambanta ka da su yana hannun Mahmudu, kada ka bar shi a gida.

Matsalarka tsohuwa ce, ba kai ka fara ta a ƙasarku ta Damargu ba, kuma akwai takardar da ake yi dominta, wadda ke shaida cewa sunaye biyu na mutum ɗaya ne. Sunanta da Faransanci certificat d'individualité, ka riƙe shi. Koma Tanut, wannan karon kada ka tsaya a bakin ƙofa, ka nemi ganin mai ba da takardar da kansa, direktanku ya raka ka in zai yiwu. Iyakar sanina shaidu ake nema, manya da suka san ka tun haihuwa, ba lalle sai uwa ba. A wasiƙarka ka ba ni biyu ba ka lura ba: wanzamin da ya aske ka ranar suna, wanda har yau yake kiranka da sunayen biyu, da Baffa Umaru, ɗan'uwan mahaifinka. Tunda Baffa ya ce kunya ba ta ciyar da gida, sai ya hau mota ya je ya faɗa, shi babu abin da zai maƙale masa.

In aka dage sai Inna ta zo, to ta je, amma ka roƙi a karanta mata sunayen, ita kuwa ta amsa da haka ne. Wannan ya isa shaida, kuma ba a raba ta da komai ba. Kada ka ɗauki kunyarta a matsayin duhun kai, kada kuma ka ga kamar ta ja maka wahala. Ni ma ina da ɗan fari, gemunsa har ya fara fari, kuma duk rubutun da nake yi a jaridar nan ba za ka taɓa ganin sunansa a ciki ba. Matar da ta tsaya a bayan rumbu tana gwada abin da ba ta taɓa yi ba saboda kai, ta riga ta ba da nata. Je ka yau ka sa Rabi ta gaya mata an sami wata hanya, ta ninke zanenta ta ci tuwo.

Sai dosiyen. Takardar haɗa sunayen ita ce ta farko, a sama, don kowa ya gan ta kafin ya fara mamaki. Daga ita sai takardun karatu, sai shaidun aiki, kowane kashi da farar takarda a gabansa mai faɗin abin da ke ciki. Ka yi kwafi a buga musu hatimi, na asali su zauna a hannunka, ka nuna in an tambaya. Darussa kada ka kwashe duka, ba awon hatsi za a yi ba. Zaɓi kaɗan da ka fi alfahari da su, na karatu da na lissafi, ka haɗa da ɗaya wanda ya ƙi ci a aji da yadda ka sake shi, don malaman gaske sun fi yarda da wanda ya san gyara. A kayen yara nuna shafin farkon shekara da na ƙarshenta na yaro ɗaya, bambancin zai yi magana da kansa. Naɗe komai a leda saboda hanya. Kafin tafiya ka sa direkta ya zauna ya yi ta jefo maka tambayoyi har bakinka ya saba. Daga yau kuma ka riƙa sa hannu da sunayen biyu, na takarda a gaba, na yanka a baya.

In ka zauna gabansu kada ka jira a tono zancen, kai ka fara, a taƙaice, ba da kame-kame ba. Malaman da za su koyar da harshen gida ake nema, kuma wanda ya san dalilin da uwa ke yin shiru in an tambaye ta sunan ɗanta ya san abin da ba a koyarwa a koleji. Ba na yi maka alkawarin aikin, wannan na Allah ne. Amma in ya ba ka, wata rana kai ne za ka zauna da alƙalami a bakin lakwal, wata mata ta zo riƙe da hannun ɗan farinta ta sunkuyar da kai. Kada ka matsa mata, kada kuma ka rubuta abin da ya fara fitowa. Juya ka tambayi maƙwabciyarta.

Allah ya ji ƙan Malam Lawali, ya ƙara wa Inna lafiya, ya kai ku Damagaram lafiya kai da Gajere, ku dawo mutum ɗaya.

Goggonka,
Asibi