Inna, Autanki Ya Saka Baba a Tele

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin wanda kika koya mana, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu nan Gaya lafiya lau muke. An yanke shinkafa, ruwan kogi ya fara ja da baya, Baba kuma yana zuwa masallaci da ƙafarsa duk da hawan jinin da ke damunsa. Na san wannan takarda ba hannunki za ta shiga ba, wasu ne za su karanta. Su karanta. Labarin ya fi ƙarfin in riƙe ni kaɗai, kuma ke ya kamata ki fara ji.

Inna, autanki Isufu yana fitowa a tele.

Kin tuna yadda balo, ƙwallon ƙafar nan, ta shiga ransa tun bai iya ɗaura wando ba. Baba zai tura shi fadama korar tsuntsaye, shi kuma ya sulale zuwa filin bayan lakwal, makarantar bokon nan. Shekarar da tsuntsaye suka cinye mana gefen gona, Baba bai doke shi ba. Da aka kawo tuwo sai ya janye kwanon daga gabansa ya ce, "To, kai je ka ci balo da miya." Ke ce kika bi shi zaure da nasa a ɓoye cikin zane.

Kin tuna kuma yadda kika fara kai tallan kopto, kwaɗon zogale, bakin fili, wai can ne ake samun ciniki. Duk unguwa ta san ba zogalen nan ne ya kai ki ba. Ranar da ƴan Malanville suka tsallako gada suka zo wasa, wani ƙaton yaro ya kwashe ƙafar Isufu, sai ga ki tsakiyar fili kina bin sa da gudu. Alƙalin wasa ya rasa abin yi, ya ɗaga miki jan kati. Kika ce masa, "Riƙe takardarka, ni ban yi lakwal ba."

Bayan gwiwarsa ta karye balo ta ƙare masa. Ba ki daɗe ba kika bar mu, shi kuma ya tafi Yamai ya shiga cikin masu wasan kwaikwayo. Baba ya ce da can balo ce, yanzu kuma an koma ba mutane dariya a titi. Daga nan magana tsakaninsu ta koma gaisuwar salla kawai, ita ma a salula, ita ma ni ce ke miƙa wa Baba wayar.

To, bana aka fara nuna wani wasan ban dariya duk ranar Lahadi bayan magariba. Labarin ƙungiyar balo ce ta wata unguwa da ba ta taɓa cin kowa ba. A ciki akwai yaro mai tsaron gida, akwai uwarsa mai tallan kopto, akwai ubansa manomin shinkafa, Malam Tanko, wanda ya tsani balo kamar ciwon haƙori. Isufu ne ya tsara labarin. Kuma Inna, shi ne yake fitowa a matsayin uban. An shafa masa furfura, ya karkata hula gefe, ya goya hannu a baya, yana gyaran murya kafin ya yi faɗa. Da na gan shi sai da na dafe ƙirji. Baba ne sak, har yadda yake kaɗe takalmi kafin ya zauna.

Mutanen Gaya ba su ɓata lokaci ba wajen gane shi. Baba zai wuce ta bakin kasuwa, ƴan kabu-kabu su ɗaga murya, "Malam Tanko, a ci balo da miya!" Abokansa na gindin bishiyar bedi suka riƙa tambayarsa ko ƙungiyarsu ta ci jiya. Kin san Baba da kiyaye mutunci. Ya daina zama majalisa, daga masallaci sai ɗaki. Ya kira ni ya ce in gaya wa ƙanena, tunda ya mai da uban da ya haife shi abin wasan yara, kada ya sake taka ƙofar gidan nan, ko ranar jana'izarsa.

Maganar ta tsorata ni, don Baba ba yaro ba ne, kuma ba ya faɗin abin da bai ƙudurta ba. Na kira Isufu na wanke shi tas. Ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce, "Yaya Ramatu, ba zagin sa nake ba. Ki roƙe shi ya kalla ko sau ɗaya." Na roƙa. Baba ya ce in na sake kawo masa zancen, ni ma in bi ƙanena.

Allah ne Ya shirya abinSa. Wata safiya na raka Baba gidan likita awon jini. A wurin jira akwai tele maƙale a bango, kuma sai ga shi ana maimaita wasan Lahadin da ta wuce. Baba ya yunƙura zai fita, na ce in ya tashi layinsa ya wuce. Ya koma ya zauna, ya juya fuska wajen taga.

Aka fara da uwar yaron tana korar wani ƙato a tsakiyar fili da ludayi. Ɗakin ya kwashe da dariya. Na saci kallon Baba, sai na ga ya juyo. Can ƙasa-ƙasa na ji ya ce, "Ba ludayi ba ne. Muciya ce." Kafaɗunsa suna rawa, Inna. Tun rasuwarki ban ga Baba ya yi dariya da ambatonki ba, kullum sai dai ya yi shiru ya tashi.

Daga nan wasan ya juya. Yaron ya faɗi, gwiwa ta karye, mutane sun tsaya cirko-cirko ana neman abin hawa. Sai ga Malam Tanko ya fito daga gona da laka har gwiwa, ya yar da fartanya, ya saɓa yaron a baya. Yana tafe yana zagin balo, yana zagin wanda ya ƙirƙiro ta, yana zagin saniyar da aka yi ta da fatarta. Mutane na ta dariya. Sai muryarsa ta sauka, ya ce, "Ya Allah, in ƙafa ɗaya Kake so a gidan nan, ɗauki tawa, na gama tafiya da ita. Bar wa yaron tasa." Wata mata kusa da ni ta ja bakin mayafi tana share ido.

Ni ban san da wannan ba, kuma ina jin ke ma ba ki sani ba, don ranar muna Tounouga wajen suna. Mun dawo mun tarar da Isufu kwance an ɗaure ƙafar, Baba yana ta faɗansa. Ashe Baba ne ya goyo shi tun daga fili. A nan wurin jiran Baba ya ce, "Na ɗauka a sume yake. Ashe yana ji."

Da muka koma gida bai ko cire hula ba ya ce in kira masa yaron. Ya karɓi salular da hannunsa. Ba sallama mai tsawo, ba komai, sai cewa ya yi, "Kai, wa ya ce maka haka nake tari? Ka zo gida in nuna maka."

Ya zo, Inna. Ya zo da abokan aikinsa da kamarorinsu, suka ɗauki sabon kashi na wasan a filin nan naki na bayan lakwal. Ya durƙusa gaban Baba a zaure, Baba ya dafa kansa ya ce furfurar ƙarya ta fi dacewa da shi fiye da wannan askin. Kullum da hantsi Baba zai sa a kai masa kujera bakin fili, yana korar yara masu surutu, yana gyara wa matar da ke fitowa a matsayinki ɗaurin kallabi, wai ke ba haka kike ɗaurawa ba.

Ranar ƙarshe wani baƙo mai sayar da albasa daga Kamba ya tsaya kallo. Ya ga tsoho a kan kujera yana ba da umarni, sai ya tambaye shi ko shi ne shugaban masu wasan. Baba ya gyara zama, ya nuna Isufu da sanda, ga shi can da farin gemu yana dogara fartanya. Ya ce, "Ka ga wancan tsohon? Ni na haife shi."

Innata, da kina nan da guɗarki ta kai har ƙetaren kogi. Yaron da kika ciyar a ɓoye yau yana sa gari guda dariya, kuma bai zubar da mutuncin kowa ba. Ya nuna wa duniya ke yadda kike, da zafinki da ƙaunarki, har mata a kasuwa suna riƙe hannuna suna cewa ashe haka uwarku take. Ina amsa musu da cewa abin da suka gani kaɗan ne.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya saka miki da Aljanna Firdausi kan wahalar da kika sha a kanmu. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, Ya tsare Isufu daga girman kai da sharrin baki, Ya tara mu da ke a gidan da ba rabuwa. Amin.

Taki har kullum,
ƴarki Ramatu,
daga Gaya.