Zanen Ƙafar da Ya Ƙaru da Yatsa Biyu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da yara. Ni dai ina nan a rumfar mutane, ina ɗinka wa ƙafafun da ban sani ba takalma, baya kamar ya tsinke.

Direba ya kawo takardarki, da zanen ƙafar da kika ce ta matata ce, wai in yi mata silifa kafin ta sauka. Yaya, shekara tara ina yi wa ƙafar nan takalmi. Na ɗora sabon zanen a kan tsohon da ke akwatina, ya fi shi faɗi da yatsa biyu. Kuma yaushe ta daina rubuto mini da hannunta? Ba na son zargi, amma mai faffaɗar ƙafa ɗaya na sani a gidan nan. In takalmi kike so ki faɗa, ba sai kin raɓe a bayan mai ciki ba.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki.

Malam mai awon ƙafa,

Mun amsa gaisuwa. Ni da na goye ka, yau ni ce ɓarauniyar silifa? Allah ya shirya.

Ƙafar matarka ce. Kumbura ta yi, har fuska, zobenta ma da sabulu muka zare shi. Kwana biyar kanta na sarawa, in ta kalli takarda layi biyu take gani, shi ya sa na karɓi biro. Na ce mu tafi asibiti, ta ƙi. Ta ce a cikinta na fari da muka kai ta aka sallamo mu ba komai, kai ne ka ce mata sun mai da asibiti gidan biki. Kai ka manta, ita ba ta manta ba. Maƙwabta kuma na ta cewa kumburi ai ado ne ga mai wata takwas.

Ka riƙe takalminka.
Yayarka.

Yaya,

Ina gaishe ki, in za ki amsa. Na kira wayarki sau shida ba ki ɗaga ba, kuma ni na jawo. Na yi miki ƙazafi, ki yafe mini. Maganar gidan biki ma na faɗe ta, ban musa ba.

Akwai wata ungozomar asibiti da nake yi wa gyaran takalmi. Na karanta mata takardarki, ban kai ƙarshe ba ta katse ni. Ta ce kumburin ƙafa kaɗai ba abin tsoro ba ne, amma in ya hau fuska, ga ciwon kai, ga ido na gani biyu, ba a kwana da shi a gida, a je a auna jininta ko ya hau.

Ku tafi yau. In ta ce ta ji sauƙi kada ki yarda, na san halinta. Ke ma ban gama yarda da ke ba: rubutunki ya karkace a ƙarshe. Me kika rage ba ki faɗa mini ba?

Ƙaninki mai laifi.

Ƙanina,

Lafiya lau, sai godiya. Abin da na rage shi ne ban jira ka ba. Ina ba direba waccan takarda na ɗora mata mayafi na tare mota. Tana ta cewa me za ka ce, na ce ka zo ka ce da ni. Waya kuma a gida na manta ta.

Likita ya ce da mun ƙara kwana, da wani labarin ake yi. An yi mata aiki. Tana gado, ta fara zama, ta ce a gaishe ka.

Ga wani zanen ƙafa a ciki, bai kai babban yatsanka ba. Wannan ma ka ce tawa ce.

Yayarka.