Ni Na Cire Diskin Kwamfutar, Wata Aka Dakatar

Assalamu alaikum masu wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni. Na riga na zagi kaina fiye da yadda za ku iya.

Ni ƴar wajen Tahoua ce, ina aikin buga takardu a biron wata ƙaramar ƙungiya a nan Yamai, masu raba hatsi a ƙauyukan da fari ya cinye. Ni ke shigar da sunayen gidajen da za a ba cimaka a kwamfutar biron. Bana damina ta yi gardama, mahaifiyata ta kira ni ta ce rumbunsu ya koma ɗakin kaji, sau ɗaya a rana suke ɗora tukunya. Ƙauyenmu kuwa ba ya cikin waɗanda aka zaɓa. Sai na saka gidanmu da gidajen kawunnena biyu cikin sunayen ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu. Na san ba daidai ba ne, amma wa zai ji muryar uwarsa haka ya yi shiru?

Tun da sojoji suka karɓi mulki ake yawan bincike. Ranar Talata shugabanmu ya ce gobe masu bincike za su zo su duba sunaye. Na ce bari in goge namu sunayen, sai kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke tun azahar, har aka tashi bai dawo ba. Makullin biro yana hannun Madam Rahila, wata dattijuwa malamar asibiti ƴar Dogondutsi, wadda ta riƙe ni kamar ɗiyarta tun zuwana. Na ce mata na mance wayata a ciki. Ta miƙo mini ba tambaya, ta ce, "Ki kawo mini da safe, ɗiyata." Na taɓa ganin mai gyara yana canza diski, abin da ke ajiye bayanai a cikin kwamfuta, don haka na kwance bayan kwamfutar da bakin almakashi na ciro shi, wai in je gida unguwar Kirkissoye in haɗa da ta maƙwabciyata in goge. Bai ma shiga tata ba. Garin juyawa ya suɓuce ya bugi siminti.

Da sassafe na mai da shi cikin kwamfutar biro. Na kunna, baƙin allo kawai da wani ɗan rubutu, sai ƙara ƙas-ƙas daga ciki. Na cire na sake sawa har sau uku ina karanta duk addu'ar da na sani. Masu bincike suka iso suka tarar da ita a mace, suka ce da gangan aka yi don a ɓoye wani abu. Aka tambayi wa ke riƙe da makulli. Madam Rahila ta ce, "Ni ce." Ta dube ni sau ɗaya. Nan take aka dakatar da ita, an kuma tsai da rabon hatsi sai an samo sunayen.

Ni aka aika da kwamfutar wajen mai gyara a unguwar Kalley. Yana buɗewa ya ce, "Malama, wanda ya kwance wannan ba ma'aikaci ba ne, dubi yadda ya cinye kan kusoshin. Kuma diskin ya sha ƙasa." Ya ce zai iya ciro abin da ke ciki cikin kwana uku. Na yi murna, na kuma tsorata, don sunan uwata zai fito tare da sauran.

Jiya na je gidan Madam Rahila. Na same ta tana tsince shinkafa. Na buɗe baki, ta riga ni: "Ban faɗa ba, kuma ba zan faɗa ba. Amma mutanen ƙauyukan nan ba su yi wa kowa laifi ba." Ta zuba mini abinci, na bar shi na taho gida.

In na yi magana, aiki ya tafi, wataƙila har a tsare ni, kuma ni kaɗai ce mai aika wa gida. In na yi shiru, matar nan za ta ƙare shekarunta na aiki da sunan maha'inciya. Jibi mai gyara zai kira. Ƴan uwa, me zan yi?